Madacin Apollos

Duk wanda ya shigo gidana a Vinikilang, a gefen Yola, cikin shekara biyun nan, kafin a ba shi ruwa sai na sa ya taɓa bangon falo. Matata Lilian ta yi faɗa har ta gaji. Ta ce tun da na yi ritaya daga koyarwa na rasa ɗaliban da zan dama, shi ya sa na koma kan baƙi. Ba ta yi ƙarya ba. Amma ku ma ku duba mini: a watan Afrilu, lokacin da zafin Yola ke sa akuya ta shige ƙarƙashin mota ta ƙi fitowa, maƙwabta na fama da janareta suna neman sanyi, ni kuwa ina kishingiɗe da fanka ɗaya tal ta sola. Wa zai iya yin shiru da bakinsa? Har wani baƙin tabo ya fito a bangon, daidai wurin da hannayen mutane ke sauka.

'Yata Virtue ce ta zana gidan. Zanen gine-gine ta karanta, kuma tun tana aji uku a jami'a ta hana mu sakat da wa'azinta. A cewarta, gida ba ranar da aka tare yake fara cin wuta ba. Yana fara ci tun ranar da aka haƙa ƙasar da za a yi bulo, da ranar da aka gasa shi, da man da mota ta sha ta kawo shi. Sannan ya ci ta shekarun da za a zauna a ciki, ya ƙarasa da ta ranar da za a rushe shi. Duk sai an haɗa kafin a san hayaƙin da gida ya tura sama. Don haka ta yi mana bango biyu na jan bulo da rata a tsakani, ta ɗaga rufi, ta buɗe ƙananan tagogi can sama don iska mai zafi ta fice. Siminti kuwa kamar gishirin miya ta sa shi. Sannan ta kafa doka ɗaya da ba ta yarda a taka ba: komai a nemo shi kusa, kada wata babbar mota ta taso daga uwa duniya tana tuƙa hayaƙi saboda gidanmu. Na sa hannu a dokar nan da murnata.

Ran wata Talata wayata ta yi ƙara, na ji muryar da na yi shekaru ban ji ba.

"Baban Virtue? Keturah ne, matar Apollos. Ina zuwa Yola jibi. Na yi masa allo."

Sai na ɗan koma baya, don ku san wace ce Keturah.

A watan Satumba na 2014 'yan Boko Haram suka shiga Michika. Mutane suka fantsama daji, wasu suka yi kwana da kwanaki suna tafiya a ƙasa kafin su sami motar da ta kawo su Yola. A lokacin ina haya a Jimeta, ɗaki biyu da falo. Fastonmu ya tsaya a coci ya ce duk mai wurin da mutum zai shimfiɗa tabarma ya ɗaga hannu. Ni ba ni da ɗaki, amma ina da gona a bayan Vinikilang, ta wajen kogi, da rumfa biyu da rijiya. Mutum talatin da ɗaya suka zauna a wurin. Cikinsu akwai Keturah da mijinta Apollos, tela ne, dogo, mai ciwon suga, ya iso da ƙafa a kumbure saboda ƙayar da ya taka a hanya. Mutumin kan dutse ne, bai saba da zafinmu ba. Kullum yana jingine da wani ƙaton madaci da ke gefen gonar, yana fifita da kwali yana cewa, "Malam, ku mutanen Yola da me aka yi ku?"

Ya rasu da safiyar wata Alhamis, a makon da Mubi ta faɗi. Wanda bai ga Yola a makon nan ba ba zai gane ba. Ana ta raɗe-raɗin mu ne na gaba, sojoji sun cika bakin gada, masu mota kowa na kwashe iyalinsa. Na tsayar da mota huɗu, duk wanda ya ji gawa ce sai ya ja. Rana na yi, gawa ba ta jira. Mu huɗu muka haƙa masa kabari taku bakwai gabas da gindin madacin, inda inuwa ke sauka da yamma. Ba siminti, ba gicciye, don ba ma son a gane. Keturah ba ta yi kuka a wurin ba. Ta dai riƙe rigata ta ce yaya za ta gane wurin idan ta dawo. Ni kuwa, da bakin nan nawa da ba ya gajiya, na daki itacen na ce, "Ga alamarki. Muddin ina numfashi ba mai taɓa shi."

Ban gaya wa kowa ba. Ko Lilian. Virtue tana makarantar kwana a lokacin. Na san mutanenmu: da an ji akwai kabari a gona, ba ɗan ƙwadagon da zai ƙara sa fartanya a ciki, kuma mai unguwa zai kira ni ya yi ta tambayoyi. Sauran ukun da muka haƙa tare suka koma arewa da aka samu lafiya. Sirrin ya zauna a cikina shi kaɗai, ina ganin na yi dabara.

Keturah ta iso ran Alhamis da hantsi. Ta yi furfura, ta rame, tana rungume da wani abu mai nauyi a naɗe cikin zane. Ta buɗe mana: allon dutse ne fari, an sassaƙa sunan Apollos da shekarar haihuwarsa da ta rasuwarsa. Ta ce keken ɗinkinsa ta gyara take aiki da shi, yara sun girma, sai bana ta ji zuciyarta za ta iya zuwa. Lilian da Virtue suka kalle ni, don ba su san da wani kabari ba. Na yi musu bayani a gurguje, Lilian ta buɗe baki ta kasa rufewa. Duk da haka, ku ji halina, sai da na kama hannun baiwar Allah nan na ɗora a bangon falo na ce ta ji sanyi. Ta ce lallai da sanyi. Ta ce mu je.

Virtue ce ta tuƙa mu. Rabona da gonar shekara uku, tun da aka yi mini aiki a gwiwa na bayar da ita ana nomawa. A hanya ina ta surutu, ina cewa daga kan kwanar nan za ki hango shi, ya fi komai tsawo a wajen. Muka sha kwana. Ban hango komai ba. Na ce wataƙila kwana ta gaba ce. Muka sha ta gaba, motar ta tsaya a bakin rijiyata, rijiyar da na san ta kamar tafin hannuna.

Fili ne fetal. Layin dogon yaro da ke kan iyaka babu shi. Madaci babu shi. Ko kututture babu. Sai kunyoyin masara da aka girbe, sun miƙe daga nan har can, da wani rami a gefe da ruwa ya kwanta a ciki.

Na fita daga mota ban ma ɗauki sandata ba. Na je inda nake zaton wurin ne na tsaya, na juya, sai na ga can ma ya yi kama da wurin. Na koma can, na ga a'a, baya ne. Ƙasa duk iri ɗaya. Na ɗaga murya na fara tsine wa ɓarayin itace, na ce sai na kai maganar gaban hukuma, na ce wanda ya yi wannan ba zai gama lafiya ba. Keturah na tsaye da allonta a ƙirji.

"Dadi," in ji Virtue. Muryarta ta canza. "Wane irin itace ka ce?"

"Madaci! Wanda mutum uku ba sa kewaye shi!"

Ta koma mota ta ɗauko kwamfutarta, ta ɗora a kan bonet. Yarinyar nan ba abin da ya shiga ginin gidanmu da ba ta rubuta ba: yashi daga ina, ƙusa daga ina, nisan da kowanne ya yi. Da wannan lissafin ta gama digirinta na biyu, har aka tafa mata. Ta juyo mini da fuskar kwamfutar, ta sa yatsa a kan wani layi. Itacen gasa bulo. Dogon yaro, goma sha ɗaya. Madaci, ɗaya. Nisa daga wurin gini, kilomita biyu da rabi.

"Na ɗauka ka sani," ta ce. "Muktar mai gasa bulo ya ce kai ka ba shi. Dadi, wannan layin ne malamaina suka fi yabawa. Sun ce ba su taɓa ganin wanda ya samo itace kusa haka ba."

Na karanta layin sau uku. Ni da na koyar da yara karatu shekara talatin da biyar, na tsaya ina bin harafi ɗaya-ɗaya ko zai canza. Tsinuwar da na gama yi tana nan a iska, ban san inda zan sa fuskata ba.

Muktar mai gasa bulo ne, Bafulatanin cikin garin Yola, wurin aikinsa ba nisa. Muka same shi yana jera ɗanyen bulo a rana. Da ya gan ni ya washe baki ya taho da hannu biyu.

"Baaba! Jam? Yaya gida, yana sanyi ko?"

"Muktar, wa ya ce ka sare madacin gonata?"

Ya tsaya, ya dube ni, ya dubi matan. "Kai ne, Baaba. Na kira ka, na ce dogon yaro ya ƙare, wuta bai gama ba. Ka ce, Muktar, gona nawa ne, ka ɗebi abin da kake so, kar ka sake kira na."

Na tuna. Wallahi na tuna, har da kujerar da nake kai. Sati biyu da yi mini aiki, gwiwa na zogi, Lilian ta kawo mini kunu ya huce, ga waya ta dame ni. Haka na faɗa, kalma da kalma. A raina dogon yaro nake nufi. Madacin bai ko gifta mini ba, ni da na dake shi da hannuna na yi alkawari.

Muktar bai san abin da ke faruwa ba, sai ya shiga yi mini bayanin sana'arsa. Ya ce dogon yaro wutarsa fal-fal ce, ta tashi ta mutu. Kwana biyun ƙarshe na gashi kuwa sai itace mai nauyi, wanda zai riƙe wuta har cikin bulo ya nuna. Ya ɗauko guda biyu ya gwara su, suka yi ƙara kamar ƙarfe. "Irin naka ya fi wannan ma. Madaci ɗin ne ya yi aiki. Ni ban taɓa fitar da bulo mai kyau kamar naka ba."

"Akwai mutum a gindinsa," na ce. "Mijin wannan matar."

Bulon ya suɓuce daga hannunsa. Ya ce innalillahi, ya sake cewa, ya durƙusa a wurin ya dafe kai. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja.

"Baaba, don me ba ka faɗa ba? Kalma ɗaya! Ni in sare itace a kan kabari? Da na sani, ko reshe ba zan taɓa ba, na rantse da Allah." Ya juya wajen Keturah. "Daada, ki yafe. Rami ɗin da muka ɗebi ƙasa yana nesa, ba mu ga komai ba, da mun gani da mun tsaya. Ki yarda da ni."

Ya bar aikinsa ya biyo mu gonar. Sai dai bayan ya sare itacen, masu gawayi sun zo sun tone kututturen har saiwa sun ƙone, tarakta kuma ta bi ta kai damina uku. Muktar ya nuna wani wuri ya ce nan ne. Ni na ce a'a, ya fi kusa da rijiya. Tsakanin wurinsa da nawa ya kai taku talatin. Muka yi ta auna taku bakwai daga nan, taku bakwai daga can, manya da mu, rana na dukanmu. Virtue ta nemo tsohon hoton wurin daga sama a wayarta, amma inuwar itacen ta baje ta rufe ko'ina, ba a gane inda gindin yake. Muktar ya ce a kawo masu haƙa a bi wurin a hankali. A nan ne Keturah ta yi magana, karo na farko tun saukarmu daga mota.

"Kar a tone shi. Ya sha tafiya. A bar shi."

Muka dawo gida da azahar. Waje kamar an hura wuta, muna shiga falo sanyi ya tarbe mu. Sanyin nan da na shekara biyu ina taƙama da shi, ranar ji na yi kamar ana zuba mini ruwa a baya. Lilian ta kawo abinci ba wanda ya kalla. Na durƙusa a gaban Keturah da gwiwar tawa mai ciwo na ce ta yafe mini, na ce ba ɓarawo ba ne, ba Muktar ba ne, ni ne. Don kunya da baƙin ciki na yi kuka a gaban 'yata.

Keturah ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Sai ta kalli Virtue.

"'Yata, ke da kin rubuta komai. Itacen ya tafi ina?"

Virtue ta share ido. Ta ce rabi ya zama hayaƙi ya hau sama, Mama. Ta ce a lissafinta sai gidan ya yi shekara goma sha tara ba a kunna masa janareta ba kafin wutar da ya yi tsiminta ta kai hayaƙin da aka tayar wurin gina shi. Sauran kuma zafi ne, shi ya shiga bulo ya ƙarfafa shi.

"Wane bulo?"

"Gashi uku aka yi. Madacin a na ƙarshe ya shiga." Ta duba kwamfutar, sannan ta ɗaga kai a hankali. "Na ƙarshen da shi aka yi bangon gabas."

Dukanmu muka juya. Bangon gabas shi ne bangon falo, mai baƙin tabon nan.

Keturah ta tashi ta je. Ba wanda ya kama hannunta wannan karon. Ta ɗora tafinta a kan tabon ta daɗe, sannan ta jingina bayanta da bangon, ta zame ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafafu. Haka Apollos yake zama a gindin madacin, ba ta ma san ta yi ba.

"Kullum yana kukan zafi," ta ce. "To. Baban Virtue, ka kira mini magini."

Lilian ta dube ni, na dube ta. Na ce, "A nan? Cikin falo?"

"Ka ce mini itacen ne alama. Ni ban san wani wuri ba. Inda itacen ya je, nan zan sa." Ta gyara allon a cinyarta. "Kuma abu ɗaya. Ka ɓoye shi shekara goma, shi ya sa ya ɓace. Yanzu duk wanda ya tambaya, ka gaya masa. Kai da bakinka, ba Maman Virtue ba."

Muktar ne ya kawo maginin, shi ya riƙe allon da hannunsa har siminti ya kama. Keturah ta kwana biyu ta koma Michika. Gonar kuwa na hana a ƙara noma wannan ɓangaren. Ni da Virtue da Muktar mun dasa madaci goma sha biyu, mun baza su daga inda ya nuna har inda na nuna, don ko ta ina ne inuwa ta same shi. Sun kai gwiwata yanzu. Ba zan ga girmansu ba, na sani. Virtue ta so ta gyara lissafinta, ta zauna a gaban kwamfuta rabin yini, ta ce ba ta san a wane layi za ta sa shi ba.

Na daina sa baƙi su taɓa bango. Ba sai na sa su ba ma, da sun zauna idonsu ke kaiwa wurin. Jiya malamin Virtue ya kawo ɗalibai goma sha huɗu su ga gidan da ba ya cin wuta. Suka auna tagogi, suka leƙa rufi, suka yi ta rubutu. Can wata mai tabarau, Ilham take ko wa, ta tsaya a gaban allon ta karanta, ta juyo.

"Baba, wane ne Apollos? Shi ya gina gidan?"

Lilian ta tashi ta shige kicin ta bar ni da su. Na ce su ajiye littattafan, kowa ya nemi wuri ya zauna.